Gyaran tsohon gida: me za a rushe, ina za a kai ɓaraguzai, kuma yaya za a yi da tsohuwar wayar wuta?

Wani bawan Allah daga cikin birnin Kano ne ya aiko da tambaya. Gidan da mahaifinsu ya bari, ɗakunan ciki na ƙasa ne tun na kakansu, na gaba kuwa na bulo ne da aka ƙara a shekarun 1970, lokacin da aka ja wa gidan wuta. Hajiyarsu tana ciki har yanzu. Yana so ya rushe ɗakuna biyu da tsohon banɗaki, ya sake rufi, ya sa tayil da silin na zamani. Yana tambaya ta ina zai fara rusau, ina zai kai ɓaraguzai tunda tifa ba ta shiga lungunsu, sannan ko zai iya barin tsohuwar wayar, domin a cewarsa har yau tana kawo wuta lafiya lau.

Malam, Allah ya jiƙan mahaifi, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Bari in fara ba ka amsar ta ƙarshe a taƙaice kafin in yi bayani: wayar nan a zare ta gaba ɗaya, kada a bar ko taku ɗaya. In kuɗin ba zai isa a yi waya da tayil tare ba, tayil ya jira baɗi. Shi tayil duk ranar da ka samu hali ana sa shi. Abin da aka binne a bango kuwa, in ka tashi gyara shi daga baya, sai an fasa filastar da ka biya, an ɓata fentin da ka biya, wani lokacin har da silin ɗin. Na fi shekara ashirin ina wannan aiki, kuma yawancin gidajen da ake kirana gyara, an yi musu kwalliya ne a kan ruɓa.

Kafin guduma ta taɓa bango, akwai maganar da ba ta gini ba ce amma ita ke tsayar da gini. Ka ce gidan gado ne. In ba a raba ba, ku zauna da sauran magada a rubuta abin da aka yarda da shi da shaidu: kuɗin da za ka zuba kyauta ne, ko bashi ne a kan gida, ko za a lissafa maka a kasonka. Na ga aikin da ya tsaya a linta shekara uku saboda wata 'yar'uwa ta dawo daga Sakkwato ta tarar an rushe ɗakin mahaifiyarta ba a faɗa mata ba. Ka kuma sanar da mai unguwa da maƙwabtan da kuka haɗa katanga. In gyaran zai sauya fasalin gini, ko za ka hau bene, ka bi ta KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ka karɓi izini. Wannan ya isa a kan haka.

Yanzu ka ɗauki magini tsoho, wanda ya san ginin ƙasa, ba birkilan da bulo kawai ya iya ba, ku zaga gidan ɗaki-ɗaki. Ka riƙe ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasa bango daga ƙasa zuwa sama. Inda ka ji sauti kamar ganga, filasta ta rabu da bango. Abin da ya fi kashe ginin ƙasa a garinmu shi ne simintin da aka shafa masa da kyakkyawar niyya. Bangon tubali yana shan danshi da damina ya fitar da shi da rani, haka yake numfashi. Iyayenmu da yaɓe suke kare shi, da makuba da laso, ana sabuntawa lokaci-lokaci. Da aka zo aka lulluɓe shi da siminti, sai danshin da ke tasowa daga ƙasa ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, a ciki kuwa gindinsa ya zama gari. Wata rana a watan Agusta, bayan ruwan kwana biyu, sai ka ji an ce gini ya faɗa wa mutane cikin dare. Saboda haka gindin bango za ka fi dubawa, musamman ɓangaren da indararo ke zuba da wanda ke jikin kwata. In gindin yana da ƙarfi, tsagar da ke jiki kuma ba ta ratsa zuwa ɗaya gefen ba, kada ka rushe ɗakin don kawai na ƙasa ne. Ɗakin soro mai kaurin bango ya fi na bulo sanyi a watan Afrilu nesa ba kusa ba, kuma Hajiya za ta faɗa maka haka. A gyara rufinsa, a ɗaga dakali a gindinsa don ruwa ya kauce, a yaɓe shi da irin ƙasarsa.

Azara ma a duba ta. Giginya ce, gara ba ta cika cinta ba, amma bakinta da ke cikin bango yana ruɓewa in rufi ya daɗe yana yoyo. A soka ƙusa a wurin, in ta shige ba gardama, an gama da ita. Kuma kada wani ya ce maka za a zuba rufin kankare a kan bangon ƙasa ko a kan tsohon bulon da ba shi da ginshiƙai. In bene kake so ko da nan gaba ne, injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, shi ne zai tona ya ga harsashi ya yanke hukunci, ba ɗan kwangilar da ke neman aikin ba.

Lokacin rusau bayan ɗaukewar ruwa ne, daga Oktoba zuwa kamar Afrilu. Wanda ya yaye rufin gidan ƙasa a watan Yuni ya yi caca da gidan. Da hunturu kuma siminti yana saurin bushewa ya tsattsage, don haka a riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7.

Ranar farko ba rushewa ake yi ba, cire wuta ake yi. Ka je ofishin KEDCO, kamfanin raba wuta, na yankinku ka nemi su yanke layin da ya shigo daga falwaya, ko su matsar da mita in tana jikin bangon da za a rushe. Kada ka bar yaron unguwa ya hau falwaya, kada kuma a taɓa hatimin mita, don tara ce za ta biyo baya. Ka yi amfani da zuwan ka bincika ko akwai tsohon bashi a kan lambar gidan. Kashe babban makunni kaɗai bai isa ba a tsohon gida, saboda sau da yawa akwai wayar da aka ja daga bayan mita, ko wadda aka tsallaka wa maƙwabci shekaru da suka wuce kowa ya manta. Ɗauke wuta ma ba kariya ba ce. Lebura yana riƙe da waya tsirara, a kawo wuta babu sallama.

Ana rushewa daga sama zuwa ƙasa, da hannu, akasin yadda aka gina. A fara cire ƙofofi da tagogi da duk abin da zai yi amfani, sai silin, sai kwano, sai katako, sannan bango layi-layi. Leburori suna son su sassaƙe gindin bango su ture shi gaba ɗaya don aiki ya yi sauri. Ka hana. A lungun da ba shi da faɗi, bangon da aka tura bai san inda aka ce ya faɗi ba, ga yara suna wucewa makarantar allo. In ɗakin da za a rushe yana jingine da wanda za a bari, ko da katangar maƙwabci, a kafa tokara tukuna. A tsofaffin unguwanni gidaje suna riƙe da juna ne, ka cire naka na wani ya rasa madogara. Ka ɗauki hoton bangon maƙwabci ciki da waje a gabansa kafin a fara, don kada tsohuwar tsaga ta zama taka.

Silin ɗin ɗakunan gaba shi ne abin da nake so ka ji tsoro. Farin allo mai faɗin ƙafa huɗu-huɗu da aka yi yayi a wancan zamani, wanda muke kira asbesto, akwai zare a cikinsa siriri da ido ba ya gani. Muddin yana maƙale a sama bai fashe ba, ba ya cutarwa sosai. Da an farfasa shi sai zaren ya tashi cikin ƙura, a shaƙa, ya zauna a huhu ba ya fita. Ciwon ba ya nunawa sai bayan shekara 20 zuwa 40, kuma cikinsa har da sankarar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kowane nau'insa cikin abubuwan da ke haddasa sankara. Da ido ba ka bambance shi da allon da aka yi daga baya ba tare da zaren ba, don haka na gidanku a ɗauke shi a matsayin mai cutarwa. A jiƙa shi da ruwa, a zare ƙusoshi a sauke shi ɗaya-ɗaya ba tare da an karya ba, a naɗe a leda mai kauri. Kada a yanka shi da inji, kada a share ƙurarsa a bushe, kada a zuba shi a ciko, kada kuma a ba wani ya yi kejin kaji da shi. Masu aikin su sa takunkumin ƙura na gaske, irin P100 ko FFP3, ba tsumma ko rawani ba, su kuma cire kayan aikin kafin su koma cikin iyalinsu. A saman silin za ka tarar da kashin jemage da na ɓera na shekaru, shi ma a yayyafa masa ruwa kafin a kwashe.

Haka tsohon fentin mai da ke jikin ƙofofi da tagogi, yana iya ƙunsar dalma. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara kusan 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gida. Ta fenti ba ta kai wannan yawa ba, amma guba ɗaya ce, kuma yara ƙanana ta fi kamawa. Kada a goge shi a bushe da yara a tsakar gida. Gaskiya ma Hajiya da jikoki su koma wani gida na makonnin rusau. Na san za ta ce ba inda za ta. A lallaɓa ta.

Sai banɗakin. Tsohon gida a birni ba ya rasa masai biyu ko uku da aka cike aka manta, wani lokacin da rijiya. A wani gida da muka yi aiki, muna cire daɓen wani ɗaki, lebura ya buga diga sai muka ji ta shige fiye da yadda ya kamata. Ya ja da baya, ƙasa ta zurma a gabansa kamar faɗin faranti, sai wari ya taso. Da muka zura gora, ta shige duka ba ta taɓa ƙasa ba. Masai ne na zamanin kakan mai gidan, an ɗora masa azara da ƙasa aka gina ɗaki a kai, kuma a daidai wurin gadon amarya yake shekara da shekaru. Wata tsohuwa a maƙwabta ce ta ce ai ta tuna, can ne bayan gida lokacin tana yarinya. Tun daga ranar, kafin in fara aiki sai na nemi mafi tsufa a gidan na tambaya. Kai kana da Hajiya, ka zauna da ita ta nuna maka. In an samu rami, kada kowa ya shiga, iskar da ke ciki tana sumar da mutum nan take, mai shiga ceto ma ya bi shi. A kwashe da mota in akwai abin kwashewa, a cike da ɓaraguzan bulo da tsakuwa kaɗan-kaɗan ana dannawa, kuma kada a ɗora harsashi a kai sai injiniya ya gani.

Maganar ɓaraguzai, abin da mutane ba sa lissafawa shi ne bango in ya rushe yana kumbura. Ɗakin da kake gani ƙarami zai cika maka tsakar gida. Don haka kuɗin kwashewa ya shiga cikin cinikin rusau tun farko, a kuma riƙa fitarwa kullum, ba a tara sai an gama ba. Tunda tifa ba ta shiga, da baro da kura za a riƙa kaiwa bakin titi, a daidaita da direba ya zo da sassafe a loda a ranar. In ka tara a titi ya kwana biyu, ruwa ko ƙafa za su tura shi kwata, kuma jami'an tsaftar muhalli za su neme ka. A ware tun daga tushe. Fasasshen bulo da kankare ciko ne mai kyau, kana buƙatarsa a ƙarƙashin sabon daɓe, ragowar kuma masu neman ciko za su kwashe da murna. Jar ƙasar tsohon bango kada ka zubar, da ita za a yaɓe ɗakunan da aka bari, an riga an cuɗa ta tun zamanin da. Azara mai lafiya da tsofaffin ƙyamare suna da masu saye. Kwano da rodi da tagullar tsohuwar waya na 'yan gwangwan ne, amma ka faɗa tun ranar ciniki ko naka ne ko na leburori, in ba haka ba za ka ga rufi yana tafiya da kaɗan-kaɗan. Kada a ƙona waya a gidan don fitar da tagulla, hayaƙin robar guba ne. Abin da ya rage a kai inda hukuma ta ware. Zuba shi a kududdufin unguwa shi ne ya sa yau ruwan sama ya rasa wurin zuwa yake shiga ɗakunan mutane. Katako mai ƙusa kuma a tara shi gefe ɗaya a lanƙwashe ƙusoshin. Wanda ƙusa ta soka a kai shi a yi masa allurar tetanus a ranar, ba a ɗaure da tsumma a ci gaba da aiki ba.

To, mu dawo kan waya. Ka ce tana kawo wuta. Ai waya ba ta daina kawo wuta sai ranar da ta kama da wuta. Ka tuna abin da ke gidan lokacin da aka ja ta: ƙwan fitila mai wat 60 a kowane ɗaki, fanka, rediyo, wataƙila talabijin baƙi da fari. Yau akwai firji, injin daskarewa, dutsen guga, hitar dafa ruwa, rishon lantarki, injin tura ruwa, wataƙila har da na'urar sanyaya ɗaki. Lissafin ba wuya. Wutarmu bolt 230 ce. Ka raba wat ɗin abu da 230 ka samu amfiya ɗin da yake ja. Ƙwai mai wat 60 bai kai sulusin amfiya ɗaya ba. Hita mai wat 3000 tana jan amfiya 13 ita kaɗai, wato abin da ƙwai 50 za su ja. Kuma in wuta ta zo ba ƙarfi, kamar yadda ta saba da yamma, injinan firji da na sanyaya ɗaki ƙara ja suke yi suna zafi. Duk wannan ta siririyar wayar da robarta ta yi shekara hamsin tana gasuwa a ƙarƙashin kwano.

Ka hau saman silin da tocila ka gani da idonka. Ka lanƙwasa wayar, in robar ta tsage ko ta marmashe kamar busasshen ganye, ta mutu. A wani gida na tarar da mahaɗar wayoyi huɗu an murɗe su da hannu, an naɗe da ledar biredi, ɓera ya yi sheƙa a kai da tsummoki saboda ɗumin wurin, katakon da ke ƙarƙashi ya yi baƙi ƙirin kamar gawayi. A allon fis kuma, maimakon siririyar wayar da ya kamata ta tsinke in kaya sun yi yawa, an sa waya mai kauri ninki uku saboda wai fis yana yawan ƙonewa. Fis ɗin da ke ƙonewa gaskiya yake faɗa. Da aka toshe masa baki, sai zafin ya koma cikin silin. Irin wannan ne ake wayar gari a ce gobara ta tashi bayan an kawo wuta cikin dare. Yin faci a kan irin wannan waya, sabuwa a haɗe da tsohuwa, gyaran gangar Abzinawa ne, don a mahaɗa wuta ke tashi.

Ga yadda sabon aiki ya kamata ya kasance. Ka zauna da mai wayarin kafin a yi filasta, ku bi ɗaki-ɗaki da alli kuna zana inda gado zai zauna, inda firji zai zauna, inda Hajiya ke ajiye rediyonta. A yawaita soket, don ƙarancinsa ne ke kawo jone-jonen da ke cin gida. Fitilu da fankoki waya mai lamba 1.5, soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da hitar wanka kowace da layinta daga allo da waya mai 4, rishon girki 6, babbar wayar da ke shigowa daga mita kuwa 10 ko 16 gwargwadon nauyin gidan. Kowane layi da birekarsa, wato makunnin da ke faɗuwa da kansa ya yanke wuta in kaya sun yi yawa, daidai da kaurin wayarsa, ta fitilu amfiya 6 ko 10, ta soket a kan waya mai 2.5 kada ta wuce 20 in layi ɗaya ne miƙaƙƙe. Bireka waya take karewa, don haka in tana yawan faɗuwa ba babba za a sa ba, kaya za a raba. A raba gidan layi-layi yadda matsalar kicin ba za ta jefa ɗakin Hajiya cikin duhu ba, a kuma bar gurbi biyu ko uku a allon don gaba.

Abu biyu ne masu wayarin ɗin araha ke tsallakewa saboda ba a ganinsu, kuma su ne ke tsare rai. Na farko wayar ƙasa, wadda suke kira atin, mai launin kore ko kore da rawaya. Tsofaffin gidaje da yawa waya biyu kawai aka ja, ramin soket na uku ado ne. Shi ya sa firji ke jan mutum in ya taɓa shi ba takalmi. Dole wayar nan ta je kowane soket da kowane abu mai jikin ƙarfe, ta ƙare a sandar tagulla da aka kafa a ƙasa, mai tsawon aƙalla ƙafa 4, a wuri mai danshi. Ƙasarmu tana bushewa ƙwarai da rani, saboda haka sanda ɗaya ba lallai ta isa ba, sai an auna da na'ura. Gawayi da gishirin da ake zubawa suna taimakawa na ɗan lokaci, amma gishiri yana cin ƙarfe, don haka a yi wa wurin ɗan akwati mai murfi yadda za a riƙa dubawa. Na biyu ita ce birekar da ke gane yoyon wuta, RCD mai miliamfiya 30. Bireka ta yau da kullum sai wuta ta haura amfiya 20 ko 30 take faɗuwa, alhali abin da ke tsayar da zuciyar mutum bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba. Yaro zai riƙe waya ya mutu bireka ba ta san ana yi ba. Ita RCD tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, da ta ga giɓi sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. A gidan da ake wanke tsakar gida kullum, ake alwala a bakin famfo, yara na yawo da ƙafa a jiƙe, ban yarda in sa hannu a aikin da babu ita ba. In tana yawan faɗuwa, akwai yoyo a wani wuri, a nemo shi. Kada a bar wani ya cire ta ya ce tana da damuwa.

A ɓangaren bulo a sassaƙa bango a binne fayif, a zura waya a ciki, ba a binne waya tsirara a siminti ba. Fayif ya tafi a miƙe, sama ko gefe daga makunni da soket, kada ya ratsa bango a karkace, don wanda zai buga ƙusar labule gobe ya san inda zai kauce. Kafin a rufe da filasta ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka ka adana. A ɗakunan ƙasa kuwa ni na fi son a bi saman bango da kwasfar roba mai murfi, a kafa akwatin soket a kan katakon da aka dasa a bangon. Ba shi da kyan gani kamar na binne, amma bangon tubali ba ya riƙe akwati, kuma yawan sassaƙa yana raunana shi. Azara kam kada a huda ta. Soket ya ɗaga daga ƙasa kamar santimita 45, banɗaki babu soket a ciki, makunnin hita a waje, na tsakar gida kuma mai murfin da ruwa ba ya shiga.

Wayar da kanka za ka saya, ko ka bi mai wayarin kasuwa. Araha ba ta ado a nan. Akwai wadda alminiyon ce aka shafa wa tagulla, akwai wadda aka rubuta 2.5 alhali ba ta kai ba, akwai naɗin da ba ya cika tsawon da aka rubuta. Ka sa a feɗe baki, ka kankare da wuƙa. In fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, ajiye musu. Ka kara mata ashana ko laita, alminiyon zai lanƙwashe ya yi laushi, tagulla kuwa sai dai ta yi baƙi. Tagullar waya mai 2.5 mai silli ɗaya kaurinta ya kusa milimita 1.8, ta 1.5 kuma kusan 1.4, kuma ma'aunin ba shi da tsada. Ka ɗaga naɗi biyu ka ji nauyi, ta gaske ta fi nauyi. Wayoyin da ake yi a nan Najeriya masu tambarin SON, hukumar tabbatar da ingancin kaya, suna da kyau, sai dai su ma ana buga jabunsu, don haka ka saya wurin dila sananne ka karɓi rasit. Launi kuma a tsaya a kan tsari ɗaya a duk gidan, ko ja da baƙi irin na da, ko ruwan ƙasa da shuɗi irin na yanzu, kada a gauraya.

Janareta da sola a shirya musu tun yanzu ko da ba ka da su. A sa canji-oba na gaske, wanda ba zai yiwu wutar gida da ta layi su haɗu ba. Masu cusa wayar janareta a soket suna tura wuta baya zuwa falwaya, su kashe ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton babu wuta. Shi janareta a fili yake zama, nesa da taga, ba a zaure ko lungun ɗaki ba, gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari kuma ta sha kashe iyali guda cikin barci. Don sola, a ware fitilu da fankoki da soket kaɗan a ƙaramin allo na daban, a bar fayif biyu babu komai daga rufi zuwa inda batura za su zauna, wuri mai iska. In layi uku ne ya shigo gidan, a daina al'adar zare fis da hannu ana sauya layi duk lokacin da ɗaya ya ɗauke, akwai makunnin da aka yi don haka. A kuma ɗaure wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, da kyau, don in ta saki a gida mai layi uku, wuta tana iya haurawa kusa da bolt 400 ta ƙone duk abin da ke jone a lokaci ɗaya.

Mai wayarin da za ka ɗauka, ka tambaye shi takardar shaidarsa ta NEMSA, hukumar da ke tantance masu wannan sana'a, ka kuma je ka ga aikin da ya yi a wani gida. Ka tambaye shi da me zai gwada aikin in ya gama. In ya nuna maka sukudireba mai ɗan ƙwai a gindi, ka yi masa godiya ka nemi wani. Gwaji na gaske da na'ura ake yi kafin a jona wuta: a tura bolt 500 a auna ƙarfin robar wayoyi, kada ya gaza megom 1, a tabbatar wayar ƙasa ta isa kowane soket, a tabbatar makunni wayar wuta yake yankewa ba nutural ba, a auna sandar ƙasa, a gwada RCD. Biya kashi-kashi za ka yi, bayan fayif, bayan zura waya, bayan ɗaura kaya, ka riƙe cikon sai an yi gwajin a gabanka an rubuta maka sakamako. Ya kuma rubuta sunan kowane layi a jikin allon, da Hausa, yadda kowa a gidan zai karanta.

Allon kada a kai shi can sama inda sai an taka kujera, kada kuma a ɓoye shi bayan kabad. Ranar da Hajiya ta dawo, ka kama hannunta ka kai ta gabansa, ka nuna mata babban makunnin da ke kashe gidan duka, ta sauke shi ta ɗaga da kanta sau biyu. Akwai ɗan maɓalli a jikin RCD mai harafin T. Duk bayan wata uku, lokacin da akwai wuta, a danna shi. In ta faɗi nan take, a ɗaga a ci gaba da harka. In ba ta faɗi ba, a kira mai wayarin a ranar.